Umarni Daga Nesa: Yadda Manhaja Ke Sarrafa Kwamfutar Da Ba Kowa A Gabanta

Da la'asar ɗin ranar Litinin, 4 ga Oktoba, 2021, wajen ƙarfe biyar saura agogon Najeriya da Nijar, saƙonnin WhatsApp suka daina tafiya. Ɗan kasuwar da ke son tura wa mai saye hoton atamfa daga Kantin Kwari ya zuba wa ɗan agogon nan na gefen saƙo ido, agogo ya ƙi juyewa. Wasu suka kashe waya suka kunna, wasu suka sake sayen data, da yawa suka ɗora wa kamfanin layinsu laifi. Facebook da Instagram su ma shiru. A Najeriya abin ya zo da ƙarin ƙunci, domin gwamnati ta dakatar da Twitter tun watan Yuni, babu inda za a leƙa cikin sauƙi a ji ko matsalar ta kowa ce. Sai da aka shafe kusan awa shida kafin abubuwa su fara dawowa.

Babu hannun masu kutse a ciki, babu gobara. Bayanin da kamfanin Facebook ya fitar washegari ya nuna cewa umarni guda ne ya jawo komai. Ana cikin aikin gyara na yau da kullum aka aika umarnin da nufin auna ƙarfin manyan layukan da ke haɗa cibiyoyin ajiye bayanan kamfanin, sai ya katse su baki ɗaya. Akwai manhajar da aikinta shi ne tantance irin wannan umarni kafin ya wuce, amma wani kuskure a cikinta ya sa ta bar shi ya wuce. Da layukan suka yanke, hanyar da injiniyoyi ke bi su gyara na'urori daga nesa ita ma ta yanke. Dole aka tura mutane da ƙafarsu zuwa cibiyoyin, inda tsauraran matakan tsaron da aka kafa don hana ɓarayi suka jinkirta masu gyaran su ma.

Wannan rana ta fito da wani abu da yawancin masu amfani da intanet ba sa tunaninsa. Manyan kwamfutocin da ke riƙe da kuɗin banki, da rajistar jarrabawa, da hotunan biki, waɗanda ake kira uwar garke, ba su da allo, ba su da madannai, babu kujera a gabansu. An jera su ne bisa kantoci a ɗakuna masu sanyi, sai ƙarar fanka. Duk abin da za a sa su yi, daga nesa ake aiko musu da shi a rubuce. Kuma a yau mafi yawan waɗannan umarnai ba yatsun mutum ke buga su ba. Wata manhaja ce ke aika wa wata, da tsakar dare ko da rana tsaka, ɗaruruwa a lokaci guda.

Dabarar ta tsufa. Tun 1969, shekarar da aka fara haɗa kwamfutocin wasu jami'o'in Amurka a hanyar sadarwa ta ARPANET, aka samar da Telnet, wanda ke bai wa mutum damar zama a wani gari yana aiki da kwamfutar da ke wani garin. A farkon shekarun 1980 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka ƙara da rlogin da rsh. Shi rsh aikinsa ɗaya ne: a ba shi sunan kwamfuta da umarni, ya kai, ya dawo da amsa. An gina su duka a zamanin da masu amfani da hanyar sadarwar 'yan ƙalilan ne kuma sun san juna, saboda haka kalmar sirri da duk abin da aka rubuta a fili suke bin waya, duk wanda ya kasa kunne a tsakiya zai karanta. Rsh ma ya wuce nan: mutum kan rubuta a wani ɗan fayil cewa duk saƙon da ya zo daga kwamfuta kaza a yarda da shi, ba sai an tambayi kalmar sirri ba.

A daren 2 ga Nuwamba, 1988, wani ɗalibin Jami'ar Cornell, Robert Tappan Morris, ya saki wata ƙaramar manhaja mai kwafar kanta daga na'ura zuwa na'ura. Ɗaya daga cikin ƙofofin da ta bi ita ce wannan yarda ta rsh. An ƙiyasta ta kama kwamfutoci kusan 6,000, a lokacin da duk intanet ɗin bai wuce kwamfutoci 60,000 ba. Kotu ta same shi da laifi a 1990. Duk da haka tsofaffin hanyoyin suka ci gaba da aiki shekara da shekaru, don babu abin da ya maye gurbinsu.

Magajin ya fito ne daga ƙasar Finlan. A 1995 aka gano wani ya dasa manhajar satar kalmomin sirri a hanyar sadarwar Jami'ar Fasaha ta Helsinki. Wani mai bincike a jami'ar, Tatu Ylönen, ya zauna ya rubuta sabon tsari da ke yin aikin Telnet da rsh amma yana rufe duk abin da ke wucewa da lissafin ɓoye bayanai. Ya sa masa suna SSH, ya sake shi kyauta a watan Yuli na shekarar. Kowane aiki a intanet yana da lambar ƙofarsa, shi kuma ya lura lamba 21 ta tsarin aika fayil ce, 23 ta Telnet ce, 22 da ke tsakaninsu babu mai ita. Ya rubuta wa hukumar da ke raba lambobin, aka ba shi. Kafin shekarar ta ƙare, masu amfani da SSH sun kai kimanin 20,000 a ƙasashe 50. Da Ylönen ya kafa kamfani aka fara ƙuntata lasisin sababbin fitowa, sai masu aikin OpenBSD ƙarƙashin Theo de Raadt suka ɗauki tsohon rubutun da ke kyauta suka gyara shi, suka fitar da OpenSSH a ƙarshen 1999. Shi ne a kusan kowace uwar garken Linux a yau, yana cikin kwamfutocin Apple, kuma tun 2018 Microsoft ta sa shi a Windows 10. Ɗalibin da ke son gwadawa ba ya buƙatar sayen komai.

Ga yadda abin yake a aikace. Injiniya na son sanin ko ma'ajiyar wata na'ura ta kusa cika, sai ya buga layi ɗaya: ssh musa@10.0.0.5 df -h. Kalmar farko sunan manhajar ce, ta biyu sunan mai shiga da adireshin na'urar, sauran kuma umarnin da ake so a zartar a can. Cikin abin da bai kai daƙiƙa ba abubuwa da dama sun gudana. Na'urorin biyu sun gaisa, sun yi yarjejeniya kan wani sirri na wucin gadi da za su rufe hirarsu da shi. Ta can ta gabatar da shaidarta don a tabbatar ita ce, ba wata ce ta yi shigar burtu ba. Ta nan ta tabbatar da ko wane ne Musa. Sannan aka zartar da umarnin, aka dawo da jadawalin da ke nuna kashi nawa na ma'ajiyar ya cika, layi ya rufe.

Tabbatar da mai shiga na iya zama da kalmar sirri, amma masu aikin sun fi son mabuɗai biyu da ake ƙirƙira tare. Ɗaya na fili ne, ɗaya na sirri. Na filin tamkar kwaɗo ne da mutum zai iya yin kwafinsa ya rataya a ƙofar kowace na'ura da yake kula da ita, ko wani ya gan shi babu abin da zai amfana. Na sirrin shi ne makullin, yana zaune a kwamfutar mai shi, ba ya bin waya ko sau ɗaya. Abin da ke bin waya hujja ce ta lissafi da ke nuna cewa mai neman shiga yana riƙe da shi.

Duk wannan da sauƙi muddin mutum ne zaune yana kallon allo. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da aka ce manhaja ta yi aikin ita kaɗai. Hanyoyi biyu ake bi. Ko dai manhajar ta kira ssh ɗin da ke cikin kwamfutar kamar yadda mutum zai yi, ta tattara abin da ya dawo, ko kuma a yi amfani da wani ƙunshin rubutu da ya iya yaren SSH da kansa. Masu rubutu da Python suna da Paramiko, wanda Robey Pointer ya fara a 2003, da Fabric da aka gina a kansa. Masu Java suna da JSch, masu C suna da libssh. Da Paramiko, layuka biyar ko shida sun isa: a buɗe haɗi, a ba da adireshi da mabuɗi, a miƙa umarni, a karɓi amsa, a rufe. Wannan sauƙin ne ke yaudarar sababbin shiga, domin layukan da ke sa abin ya yi aiki kaɗan ne, waɗanda ke hana shi yin ɓarna ne suke da yawa.

Abu na farko, manhaja ba ta da ido. Idan na'urar can ta tsaya tana tambayar kalmar sirri, ko tana cewa a amsa da e ko a'a, mutum zai gani ya amsa. Manhaja kuwa tsayawa za ta yi tana jira, ita ma waccan tana jira, har gari ya waye. Tun 1990 Don Libes na hukumar ma'aunai ta Amurka ya rubuta Expect don magance wannan, wato manhajar da ke sauraron tambaya ta ba da amsar da aka tanadar mata. Amma mafi tsabta shi ne a kauce wa tambayar tun farko, a shiga da mabuɗi, a kuma sa wa kowane umarni wa'adi, in ya wuce daƙiƙa kaza bai amsa ba a katse a kai rahoto.

Akwai tambaya ɗaya da bai kamata a kauce mata da ha'inci ba. Karon farko da aka tuntuɓi wata na'ura, SSH kan nuna zanen shaidarta ya tambaya ko an yarda da ita, sannan ya adana. Idan wata rana shaidar ta sauya, sai ya yi gargaɗi da manyan baƙaƙe ya ƙi shiga, don mai yiwuwa wani ne ya tsaya a tsakiya yana kwaikwayon na'urar. Wannan tambaya tana damun masu rubuta manhaja, kuma akwai layi guda da ke kashe ta, wanda a Paramiko ake kira AutoAddPolicy, ma'ana duk baƙuwar na'urar da ta amsa a yarda da ita. Layin ya cika misalan koyarwa, ɗalibai na kwafa ba tare da sanin me suka zubar ba. A ɗakin gwaji babu laifi. A na'urar da ke riƙe da albashin ma'aikata, sakaci ne babba, domin rufe hira da lissafi ba ya da amfani idan wanda ake hirar da shi ɓarawon ne da kansa. Abin da ya dace shi ne a tattara shaidun na'urorin tun farko ta amintacciyar hanya, a ba manhajar, a ce mata kada ta kula kowa sai su.

Sai batun amsa. Kowane umarni abubuwa uku yake dawowa da su: sakamakon aikin, da saƙon kuskure in akwai, da wata 'yar lamba. Sifili na nufin an yi nasara, duk wata lamba kuma akwai matsala. Shi kansa ssh idan ya kasa isa na'urar, 255 yake bayarwa. Manhajar da ba ta duba wannan lamba za ta iya aika umarnin a kwafe bayanai zuwa wurin ajiya, kwafin ya gaza don wuri ya cika, ita kuma ta wuce kai tsaye zuwa umarni na gaba na a goge na asali. Mutum ko mai gyangyaɗi ne zai ga jan rubutu ya dakata.

Rubutun umarnin kansa ma yana da tarko. Abin da ake aikawa jimla ce da na'urar can za ta sake fassarawa, tana raba kalmomi a duk inda ta ga fili. Fayil mai suna "rahoton wata" zai zame mata abubuwa biyu, rahoton daban, wata daban. Wannan ƙaramin abu ne. Babban shi ne idan manhajar na ɗaukar abin da baƙo ya rubuta a wani fom ta liƙa shi cikin umarni. Mugu zai rubuta suna, ya sa alamar da ke raba umarni biyu, ya biyo da nasa umarnin, na'urar kuma ta zartar da duka biyun da cikakken ikon mai mabuɗin. Ingantattun yarukan shirya manhaja duk suna da hanyar killace irin wannan rubutu, amfani da ita ne ake mantawa.

Ga wanda ke aiki daga Kano ko Maraɗi, inda layi kan yanke ba sallama, wuta kuma ta ɗauke ana tsakiyar aiki, akwai wata damuwar da ta fi waɗannan kusa. An aika umarni, kafin amsa ta dawo haɗi ya katse. An zartar ko ba a zartar ba? Wataƙila aikin ya mutu a rabi, wataƙila ya kammala, wataƙila yana can yana ci gaba. Idan umarnin na duba ma'ajiya ne, a sake aikawa kawai. Idan na ƙara wani abu ne a kan abin da ke akwai, maimaitawa na nufin an yi sau biyu. Shi ya sa gogaggu ke tsara umarninsu ta yadda ko sau goma aka maimaita sakamakon ɗaya ne, dogayen ayyuka kuma su sa su cikin manhajoji irin su tmux ko screen da ke riƙe aikin a can ko da layi ya yanke.

A kan wannan tunani aka gina Ansible, wanda Michael DeHaan ya fitar a 2012, kamfanin Red Hat ya saye shi a 2015. Maimakon a ce wa na'ura yi kaza, sai a rubuta yanayin da ake so a same ta a ciki: manhaja kaza ta kasance a girke, fayil kaza ya ƙunshi abu kaza. Ansible ya bi ta SSH ya shiga na'urori goma ko dubu, ya duba kowacce, inda ya tarar an riga an yi ya wuce, inda bai tarar ba ya gyara, ya kawo rahoton kowace ɗaya.

Wanda ke shakkar amfanin wannan ya dubi abin da ya sami Knight Capital, wani babban kamfanin hada-hadar hannun jari a Amurka. A ƙarshen Yulin 2012 aka ɗora sabuwar manhaja a kan uwayen garkensa guda takwas, wani ma'aikaci na bi yana kwafawa. Bakwai suka samu, ɗaya aka tsallake, babu kuma wanda ya bi baya ya duba. Da kasuwa ta buɗe ranar 1 ga Agusta, wannan ta takwas ɗin ta farfaɗo da wani tsohon rubutu da aka daina amfani da shi tun shekaru, ta shiga saye da sayarwa babu ƙaƙƙautawa. Cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar dala miliyan 440, bai kuma sake tsayawa da ƙafarsa ba har aka haɗe shi da wani kamfanin a 2013.

To amma na'ura mai aika umarni ga dubu ita ma da nata haɗarin, kuma nata ya fi saurin yaɗuwa. Ranar 28 ga Fabrairu, 2017, wani ma'aikacin Amazon mai cikakken izini yana bin rubutaccen tsarin aiki, ya aika umarnin cire 'yan na'urori kaɗan daga rumbun ajiya na S3 a arewacin jihar Bajiniya. Ya yi kuskuren bugawa a wuri ɗaya, umarnin ya kwashe na'urori da yawa fiye da nufinsa, shafuka da manhajoji masu tarin yawa da suka dogara da rumbun suka durƙushe na kusan awa huɗu. Abin yabawa a martanin kamfanin shi ne bai tsaya kan wanda ya buga ba. Ya gyara kayan aikin ne, ya sa yana cire na'urori sannu a hankali, yana kuma ƙin duk umarnin da zai rage su ƙasa da adadin da ake buƙata. Wannan shi ne daidai. Yatsa zai zame ko na wane ne, kuma tsarin da ke barin zamewar yatsa ɗaya ta isa na'urori dubu nan take shi ne mai laifin.

Saura tambayar wa ke riƙe da makullan. Mabuɗin da manhaja ke amfani da shi yawanci ba a sa masa kalmar sirri, tunda babu mai bugawa da tsakar dare, saboda haka duk wanda ya kwafe fayil ɗin ya zama mai gida. Kuma mabuɗan SSH ba sa ƙarewa da kansu. Ma'aikaci zai bar aiki, kwaɗonsa na nan rataye a na'urori hamsin. Ylönen da kansa ya shafe shekaru yana jan hankalin bankuna da manyan kamfanoni kan tarin mabuɗan da babu wanda ya san na wane ne. OpenSSH ya tanadi magani mai sauƙi da ba a cika amfani da shi ba: ana iya ɗaure mabuɗi da umarni guda tak, a kuma ce daga adireshi kaza kaɗai zai shigo. Mabuɗin da aka yi don kwafe bayanan dare, ko an sace shi, kwafe bayanan kawai zai iya.

Telnet ma bai mutu ba, ya koma cikin kyamarorin tsaro da na'urorin raba intanet masu arha. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa ƙwanƙwasa ƙofa ta 23 a faɗin duniya tana gwada kalmomin sirri kusan 60 da masana'antu ke sakawa tun daga kwali. Ta mallaki dubban ɗaruruwan na'urori, aka yi amfani da su ranar 21 ga Oktoba wajen kai wa kamfanin Dyn hari, Twitter da Netflix da wasu manyan shafukan da suka dogara da shi suka gagara buɗuwa a sassan Amurka da Turai. Duk mai kyamara a shago ko gida da bai taɓa sauya kalmar sirrin da ta zo da ita ba, wannan labarin ya shafe shi.

Hari mafi hatsari da aka shirya wa SSH kuwa bai biyo ta ƙofar ba sam. Akwai wata ƙaramar manhajar matse fayiloli mai suna xz da ke cikin kusan kowace Linux, wadda wani ɗan Finlan, Lasse Collin, ya daɗe yana kula da ita ba tare da albashi ba. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara aiko masa da gyare-gyare masu amfani, wasu asusun kuma suka riƙa matsa masa lamba cewa aikin na tafiyar hawainiya, ya nemi mataimaki. Sama da shekara biyu Jia Tan na aiki tuƙuru har ya sami ikon fitar da sabon zubi da kansa. A zubi na 5.6.0 da 5.6.1, cikin Fabrairu da Maris na 2024, ya ɓoye wani rubutu wanda a wasu nau'o'in Linux ke maƙalewa jikin manhajar da ke tsaron ƙofar SSH, ya bai wa mai riƙe da wani mabuɗi na musamman damar zartar da duk umarnin da ya ga dama a na'urar, ba tare da an san ya shigo ba.

Wanda ya gano shi ba jami'in tsaro ba ne. Andres Freund injiniya ne a Microsoft da ke aikin rumbun bayanai na PostgreSQL. Yana auna saurin wata na'urar gwaji ya lura SSH na cin ƙarfin kwamfuta fiye da kima, shiga kuma ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ya bi diddigin wannan rabin daƙiƙar har ya kai ga xz, ya sanar da duniya ranar Juma'a, 29 ga Maris, 2024. A lokacin gurɓataccen zubin ya shiga nau'o'in gwaji na Debian da Fedora da wasu ƙalilan, bai kai ga tabbatattun nau'o'in da bankuna da gwamnatoci ke ɗorawa a uwayen garkensu ba. A ranar Red Hat da Debian suka yi gargaɗi a koma tsohon zubi, GitHub ya rufe ma'ajiyar aikin na ɗan lokaci, Collin kuma ya karɓe ragamar ya tsefe rubutun, ya fitar da tsabtataccen zubi na 5.6.2 a ƙarshen watan Mayu.